Daga Sha Biyu Zuwa Sha Takwas

Asabar, 8 ga Fabrairu 1986, da hantsi

Ni ban ce komai ba. Bari in rubuta wannan tun kafin mutanen Kura su sa ni kaina in fara tantama.

Ga abin da ya faru jiya. Bayan an sauko daga Juma'a na shimfiɗa kayana a gefen teburin Lukmanu mai shayi, inda na saba. Sabuwar dilar gwanjo na kwance daga Ƙofar Wambai, rabi shat ɗin maza, rabi bulawus ɗin mata. Sai ga Iya Tambaya dillaliya ta dawo min da ragowar kayan da ta shiga da su gidaje, tunda matan aure ba sa fitowa su zaɓa da kansu, ita ce ƙafarsu ita ce idonsu. Ta ce a gidan Malam Isiyaku an riƙe ɗaya, an dawo da biyu, wai sun matse. Na ce wa ta riƙe? Ta ce Zuliha, matar ƙaninsa Sammani. Na duba ɗan ƙyallen da ke wuyan waɗanda aka dawo da su: ɗaya sha biyu, ɗaya sha huɗu. Wadda aka riƙe kuwa na san ta, mai ruwan goro ce, sha takwas ne a wuyanta. Ni kuma da hannuna na aika wa Yaya Zuliha koriyar bulawus da babbar Sallar nan da ta wuce, lamba sha biyu, aka ce ta zauna mata ɗas.

Sai na ce, daga sha biyu zuwa sha takwas, kuma mai ɗakin yana Fatakwal ya fi shekara bai leƙo gida ba.

Iyakarta ke nan. Lissafi ne. In mutum ya iya karatu ya karanta abin da ke rubuce, laifinsa ne? Su da ba sa bambance bakwai da lauje, su suka ƙarasa sauran da dariyarsu.

Na daɗe ina sayar da kayan maza, na san lamba. Wuyan shat in aka ce sha biyar, sha biyar ne ko daga wace ƙasa ya fito. Wando in aka ce talatin da biyu, ka sa tef ɗin awo a ƙugu, talatin da biyu za ka gani. Kayan mata kam da Sallar nan na fara haɗawa da su, amma lamba ai lamba ce. Ba ta ƙarya. Shi ya sa na fi son ta da mutane.

Iya Tambaya ba ta yi dariya ba. Ƙunshinta ta ɗaure ta tafi, ko sabbin kayan ba ta zaɓa ba.

Lahadi, 9 ga wata, bayan la'asar

Inna ba ta amsa gaisuwata ba da safe. Tuwon ma a ƙofar ɗaki aka ajiye min kamar baƙo.

Wasa na yi.

Talata, 11 ga wata, bayan azahar

Malam Isiyaku ya mai da Yaya Zuliha gidan iyayenta a Bunkure. Jiya da sassafe aka sa ta a bayan mota da akwatinta ɗaya. Wai ta zauna can sai an neme ta. Ya kuma bai wa wani direban motar tumatir saƙo ya kai wa Sammani Fatakwal, ya zo ya raba kansa da abin kunya.

Dubi mutum don Allah. Mai gemu har ƙirji, mai gonar alkama a bakin kanal ɗin ban ruwa, ya kori matar ƙaninsa a kan hirar teburin shayi. Shi ba shi da mata a gida da zai tambaya? Ba shi da ido? In akwai mai laifi a maganar nan shi ne, sai kuma masu ɗaukar zance su kai gida-gida kamar masu tallan ƙuli. Wannan garin in ka yi atishawa a tasha, kafin ka iso gida an ce an ga gawarka.

Haka na faɗa wa Inna ɗazu, tana tsince shinkafa. Ta bar ni na gama tas. Ba ta ɗago ba ta ce, "Auta, wa ya koya maka wannan karatun da kake yanka mutane da shi?"

Na fita.

Ta sani, na sani. Lokacin muna Bunkure, kafin Baba ya samu fili a nan mu taso, katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan su Yaya Zuliha. Ita aka sa a firamare, ni ana tura ni kiwo. In ta dawo sai ta ɗauki gawayi ta rubuta min baƙaƙe a jikin rumbunsu, ta ce in maimaita. In na yi kuskure ta ja min kunne, in na yi daidai ta ba ni aya. A aji huɗu aka cire ta. Sauran ni na haɗa da kaina, daga takardar ƙunshin tsire, da jikin mota, da wuyan riga. Amma gawayin farko nata ne.

Wannan ba shi ya mai da sha takwas sha biyu ba.

Laraba, 12 ga wata, da rana

Ban fita ba. Kaina ke ciwo.

Alhamis, 13 ga wata, bayan la'asar

Na ɗaura kaya a keke na tafi Kadawa, don yau masu gona ke sallamar matan da ke tsinkar tumatir. Su ba ruwansu da dillaliya, da kansu suke zuwa su yamutsa maka kaya su zage ka su saya. Na shimfiɗa a bakin kanal, kusa da inda ake loda kwanduna.

Roda ta zo, wadda ake ce wa Maman Titus, mutuniyar Jos ce, hannunta duk kore da ganyen tumatir. Ta zaro bulawus uku ta riƙa zura su a kan rigar jikinta ɗaya bayan ɗaya, ƙawayenta suna ce mata juya mu gani. Duka ukun ta ce za ta saya. Ina naɗewa idona ya kai wuyansu: goma, sha huɗu, sha shida. Na ce mata Maman Titus, zaɓi lambarki ɗaya, ba zan sayar miki abin da za ki dawo min da shi ba. Ta ce ita ba ta san lambarta ba, lambar ma ba ta san ta ba, in ƙyale ta da surutu in rage mata kuɗi. Ƙawayen suka ce mai gwanjo ya zama likita. Na ce su je su wanke hannu kafin su taɓa min farar riga. Aka yi ta yi.

Amma kafin in ba ta, na ɗora ukun a kan juna a bisa tabarma, kafaɗa da kafaɗa. Faɗinsu ɗaya. Mai goman ma ta ɗan leƙo ta gefe.

Da suka watse na ɗauko tef na bi duk kayan matan da ke buhuna. Akwai sha biyun da za ta ɗauki Inna da goyonta. Akwai sha biyun da ko 'yar shekara goma sai ta riƙe numfashi. Akwai sha shidar da ba ta kai wata sha huɗu ba. Biyu daga ƙasa ɗaya, sunan ƙasar yana jiki na karanta, lambarsu ɗaya, amma tsakaninsu tafin hannu guda. Na koma kan na maza don in tabbatar ba tef ɗina ne ya haukace ba. Sha biyar, sha biyar. Talatin da huɗu, talatin da huɗu. Ko ɗaya bai saɓa ba.

Waɗanne irin mutane ne ke ɗinka waɗannan kaya? Namiji a auna shi da inci, mace kuma kowa ya rubuta mata abin da ya ga dama? In ba ka da niyyar faɗin gaskiya, wa ya tilasta maka ka liƙa lamba? Suna can ƙasarsu suna shan sanyi, sun sa riga sun gaji sun jefar, an ɗaure a dila an haye teku da ita, ba su san akwai wani gari Kura ba.

Na daɗe zaune a wurin har aka rufe ruwan kanal. Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Juma'a, 14 ga wata, bayan sallah

Na je teburin Lukmanu da niyyar in yi magana. Tun a masallaci nake shirya yadda zan fara.

Ina isa aka ce ga Malam mai lissafi. Aka matsa min a benci, aka miƙo min shayi ban biya ba. Ban taɓa samun irin wannan girma a wurin ba, ni da ake ce wa ɗan gwanjo mai bakin reza. Wani ya maimaita maganata ta makon jiya, har da kwaikwayon muryata, aka sake fashewa.

Na yi murmushi. Allah ya gani, murmushi na yi, na sha shayin na tashi.

Abin da na rubuta ran Asabar bai cika ba. Bayan na ce mai ɗakin yana Fatakwal, Lukmanu ya ce to ya aka yi ke nan? Ni kuma na zagaya hannu a gaban cikina, na ce ai nan Kura ce, ƙasar ban ruwa, ba a jiran damina.

Ita ce ta zaga gari. Ba lissafin ba.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Na je gidan Iya Tambaya. Na tarar da ita a tsakar gida tana ƙulla kuka da daddawa a 'yan ledoji, abin da ban taɓa ganin tana sayarwa ba. Ashe tun makon jiya gidaje suka rufe mata ƙofa. Mata sun ce tana auna su da ido ta kai wa maza labari a teburin shayi. Wata ma ta ce mata in ta sake shigowa za ta watsa mata ruwan wanke-wanke. Matar da ta shekara da shekaru tana shiga ɗakin kowa, ta san wadda ta jinginar da kwallarta da wadda mijinta bai ba da cefane ba, ba a taɓa jin ko ɗaya a waje ba.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar ana cire mata haƙori. Na yi mata bayanin tef da lambobin, na ce ina so ta taimaka ta je Bunkure ta karɓo min koriyar da mai ruwan goron, in ɗora su a kan juna a gaban mutane, magana ta mutu.

Ta ce ita tun ranar ta san faɗinsu ɗaya, da hannunta ta gwada, wa ya tambaye ta? Sannan ta ce, "Ɗan nan, sau ɗaya ka sa na ɗauko jikin yarinyar mutane na kawo maka kasuwa ban sani ba. So kake in ƙara da sanina?"

Na ce to me ya hana ta faɗa a lokacin? Bakina ne, ya riga ni. Ta dube ni ta ce, tsohuwa ta tsaya a tsakiyar maza suna dariya ta ce me? Ta ce in tashi in ba ta wuri, ina tare mata rana.

Talata, 18 ga wata, bayan azahar

Na samu Malam Isiyaku a gonarsa, yau ranar ruwansu ce. Yana tsugune a bakin kanal yana jera tiyo-tiyon da ke zuƙo ruwa zuwa kunya. Na zo da bulawus biyu daga buhuna, sha biyu da sha takwas masu faɗi ɗaya, da ƙyar na samo su. Na shimfiɗa a kan ciyawa, na nuna masa lamba, na nuna masa tef. Na rantse masa kuskure na yi.

Ya duba kamar na nuna masa rubutun aljanu. Ya ce shi bai san sha biyu ba bai san sha takwas ba, shi dai ya san an yi magana a gaban jama'a, kuma amanar gidan ƙaninsa a wuyansa take. Ya ce wancan makon ni na ce haka ne, wannan makon ni nake cewa ba haka ba ne, wanne zai ɗauka? Kuma waɗannan ai ba rigunanta ba ne.

Na yi niyyar in yi haƙuri, wallahi na yi niyya. Sai na ji kaina ina cewa, wane irin babba ne zai kori mace a kan maganar mai gwanjo? Wanda bai taɓa tambayarta ko sau ɗaya ba? Na ce da alkamarsa aka ce ta yi tsutsa ai da sai ya shiga ya duba da idonsa kafin ya sa mata wuta.

Ya miƙe a hankali yana goge laka a wandonsa. Ya ce, "Mai gwanjon da ya iya karatu. Da Lukmanu ne ya faɗa ai da dariya kawai za a yi."

Sannan ya ce na yi gaskiya a abu ɗaya, dubawa ta fi. Zai aika Bunkure a samu ungozoma da tsofaffi biyu su duba ta, ɗaya daga ɓangarensu. In babu komai ta dawo ɗakinta.

Na ce ba haka nake nufi ba. Ya koma kan ruwansa.

Laraba, 19 ga wata, da safe

Ba haka nake nufi ba.

Alhamis, 20 ga wata, da magariba

Inna ta tafi Bunkure tun da safe, ba ta ce min za ta ba. Ta dawo ɗazu, ta wanke ƙafa, ta zauna a kan turmi da mayafinta ba ta cire ba. Na tsaya a bakin ƙofa har na gaji, sannan na ce yaya?

Ta ce babu komai. Daman babu komai.

Na ce alhamdu lillahi. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da na gwammace mari da shi. Ta ce mata huɗu a kanta, har da ita Inna, a ɗakin uwarta, an rufe ƙofa, yara suna leƙe ta taga ana korarsu. Ta ce Zuliha ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba, rufin ɗaki kawai take kallo har aka gama. Da aka gama ta ɗaura zaninta ta tambayi Inna ko tana shan ruwa a kawo mata.

Ban ci tuwo ba. Ba wanda ya tambaye ni dalili.

Juma'a, 21 ga wata, bayan la'asar

Yau na yi. Na hau kan bencin Lukmanu bayan sallah, wurin cike. Na ce ƙarya na yi wa matar Sammani, ƙazafi ne, Allah ya sani tsofaffi sun sani. Na shimfiɗa bulawus har guda shida a kan teburin, na nuna musu yadda lambar mata take, wannan goma wannan sha shida faɗi ɗaya. Na ce wanda ya kai waccan maganar gidansa ya kai wannan.

Rigunan suka fi ba su sha'awa. Wani ya ɗaga ɗaya ya kara a ƙirjinsa yana rangwaɗa. Wani ya ce a auna masa matarsa daga nan, ba sai ta fito ba. Lukmanu ya ce in sauka kar in karya masa benci. Ina cikin magana wani ɗan kamasho daga baya, ban ma san sunansa ba, ya ce to shi Bilya, wato ni, me ya yi masa zafi haka, ko shi ne mai ban ruwan?

Kofin shayin da ke kusa da ni na jefa masa. Ya fashe masa goshi. Aka rirriƙe ni.

Yanzu gari yana da sabon labari, kuma sunanta na ciki, nawa na ciki, a jere. Na je in cire ƙaya ɗaya na dasa biyu.

Lahadi, 23 ga wata, da azahar

Na yi ta karanta tsohuwar jarida, layi ɗaya sau goma, ban san me ta ce ba.

Ba mai zuwa sayen kaya. Ban damu ba.

Talata, 25 ga wata, bayan la'asar

Sammani ya iso. A saman kwandunan tumatir marasa kaya ya zo, tun daga Fatakwal, fuskarsa ta yi baƙi da rana. Bai ko sauka gidansu ba aka nuna masa ni a bakin tasha. Na ga yana tahowa, na miƙe na cire hulata na riƙe, na ce in duka ne ya yi, ba zan rama ba. Na fi son ya yi.

Bai yi ba. Zama ya yi a kan buhun kayana, ya ce in ba shi ruwa. Ya sha. Ya ce shi fa tun daga can da saki a bakinsa ya taho, yana ta juya shi a hanya, ɗaya zai yi ko uku. Sai da suka tsaya a Garun Mallam wani ɗan garinmu ya gaya masa tsofaffi sun duba babu komai. Ya ce bai san me zai yi da bakinsa ba yanzu.

Na fara zaro tef in nuna masa. Ya ɗaga hannu ya ce in bar rigunana, bai zo sayayya ba. Ya tambaye ni abu ɗaya: na taɓa ganin Zuliha ta yi wani abu, ko na ji? Na ce tun da aka kawo ta Kura ban ko ga fuskarta ba. Ya ce, "To Bilya, ni na yi shekara uku ina ganin fuskarta, kuma na yarda."

Ya tashi ya tafi. Gobe za su je biko shi da kawunsu.

Alhamis, 27 ga wata, da hantsi

Sun je, sun dawo su kaɗai.

Asabar, 1 ga Maris, da safe

Sun sake zuwa, har da Malam Isiyaku da ƙwaryar goro. An ce mahaifinta ya ce shi ba zai tilasta mata ba, an tilasta mata abin da ya isa.

Inna ta ce in ina da sauran kunya in je da ƙafata. Gobe.

Lahadi, 2 ga wata, bayan la'asar

Na dawo daga Bunkure.

Rumbun nan yana nan, an sake masa yaɓe. Mahaifinta ya bar ni a zaure na daɗe kafin ya fito. Bai zage ni ba, ya tambayi Inna, ya tambayi ruwan bana. Na faɗi abin da ya kawo ni kaina a ƙasa. Ya ce ba shi na yi wa ba, ya shiga ciki. Can sai na ji tafiya ta tsaya a bayan asabarin ƙofar da ke shiga gida. Ƙafafunta kawai nake gani.

Ta ce, Bilya an yini lafiya? Muryarta yadda na san ta. Na ce Yaya, sai maganar ta tsaya. Da ta dawo sai ta zo da yawa, kamar kullum. Na ba ta labarin Kadawa, da tef, da masu ɗinkin da ba sa tsoron Allah. Na ce in za ta ba ni koriyar da mai ruwan goron, zan kai su gaban dagaci, zan kai su ƙofar masallaci, kowa ya gani da idonsa, sannan ta koma ɗakinta da mutuncinta.

Ta koma ciki. Ta dawo ta turo su ta ƙarƙashin asabarin, a ninke.

Na shimfiɗa koriyar a ƙasa, na ɗora mai ruwan goron a kai. Kafaɗa ta hau kafaɗa, gefe ya hau gefe. Koriyar, mai sha biyun, har ta fi da kamar yatsa ɗaya. Wani daɗi ya kama ni, ban san lokacin da na ce kin gani ba, kin gani Yaya, ko kaɗan ba ki ƙaru ba, lambar ce ta yi ƙarya.

Ta bari na gama murnata. Sannan ta ce, "To da na yi ƙibar fa?"

Na ce na'am?

Ta ce, "Da a ce na ci na ƙoshi, hankalina kwance, na yi ƙiba, sha takwas ɗin ta fi sha biyun da gaske. Da me za ka zo da shi yau?"

Na buɗe baki. Ni da ba a taɓa rufe min baki a Kura ba, ni da nake mayar wa mutum magana kafin ya gama tasa. Na duba rigunan, na duba tef ɗin a hannuna.

Ta ce ita ba lamba ce ta kore ta ba. Lamba ba ta sa ta a mota ba, ba ta rufe mata ƙofa da mata huɗu ba. Ta ce ta gaya wa Sammani ya ba ta takardarta, ba don tana ƙin sa ba, sai don ba za ta iya zama a gidan da in ta ƙara loma ɗaya sai an aika Fatakwal ba. Na ce Yaya ki yafe min. Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, in gaida Inna, in kuma bar mata rigunanta a nan, ba za su je ƙofar masallacin kowa ba.

Na ninke su yadda ta ba ni, na tura ta ƙarƙashin asabarin.

Laraba, 5 ga wata, da hantsi

Sammani ya ba ta. Saki ɗaya.

Yau ya koma. Ya biyo ya yi wa Inna sallama, ni kuma na ɗauki jakarsa ba tare da ya ce in ɗauka ba, na bi shi har inda ake lodin tumatir. Ya taka taya ya hau saman kaya, na miƙa masa jakar. Direba ya tayar da mota.

Sai ya sunkuyo ya ce, "An ce ka je. Ta yi maka tambayar?"

Na ce ta yi.

Ya ce, "Ni ma ta yi min. Me ka ce mata?"

Na girgiza kai. Ya gyaɗa nasa, ya gyara zama a kan kwandon, ya juya fuska wajen hanya.